Manomin da Ya Riƙa Kwance Auren Mangwaro

Zauna, ɗan'uwa. Ka ce shekara biyu kana addu'a, kana fama da halinka, ba ka ga canji ba, alhali wanda aka yi muku baftisma rana ɗaya ya yi maka fintinkau. To, ga misalin wani manomi.

Manomin nan yana da lambu a bakin rafi, shinge ɗaya ya raba shi da wani maƙwabci, kuma benci guda suke zama a coci. Maƙwabcin gwani ne a auren mangwaro: ya yanke kan ƙaramin itace na gida, ya tsaga shi, ya cusa reshen iri mai kyau, ya ɗaure da leda. Duk Ista sai ya shigo da kwandon nunan fari ya dire gaban bagade, manya-manya, jajaye, ba zare ko ɗaya. Mata su rangaɗa guɗa, fasto ya sa albarka, mutuminmu kuwa hannunsa na tafi, zuciyarsa na tafarfasa. Hassada ce tsagwaronta, ba sai an sakaya ba. In ana waƙar godiya bakinsa kaɗai ke motsi, idonsa na kan kwando. A ransa yana cewa, da me wannan ya fi ni? Ba tare muke azumi ba? Ni da ban taɓa makara sujada ba, shi kuwa har gyangyaɗi yake lokacin wa'azi!

Shi ma fa ba rago ba ne. Shekara uku yana renon 'yan itatuwa goma sha biyu tun daga ƙwallo, yana jido musu ruwa da rani, yana korar awaki, don su ne abin da yake sa ran bar wa 'ya'yansa. Da ruwan fari ya sauka, sai ga maƙwabcin da kansa, ya yanko rassa daga itacen da ya fi ji da shi, ya naɗo su a jiƙaƙƙen buhu. Tare suka yi wa sha biyun aure, da wuƙa ɗaya, sannan ya tsallaka ya yi wa nasa sababbi a ranar. Da zai tafi ya ce, "Mun ɗaure, mun miƙa wa Ubangiji. Kada ka kwance sai toho ya fito da kansa, ko da zai kai wata." Mutuminmu ya yi godiya har da risinawa, amma tun kafin baƙon ya kai shinge zuciya ta raɗa masa cewa ba mai ba da rassan kirki kyauta, masu kyan ya ɓoye wa kansa.

Daga nan ya samu sabuwar sana'a. Kullum da safe yana jikin shinge, ya miƙa wuya yana leƙen lambun wani. Ran kwana na goma ya hango toho a kan ɗaya daga cikin na maƙwabcin, ya waiwayo nasa, shiru. Ya ce ai dubawa kawai zai yi, ya warware ledar na kusa da shi. Ashe naman itacen ya fara kamawa, taɓawar nan ta raba su. Ya mayar ya ɗaure, yana waige-waige kamar mai satar kaza. Washegari maƙwabci ya ƙara toho biyu, shi kuma ya kwance uku. Ruwan sama ya samu hanya ya shiga tsagar, wurin ya yi baƙi, sai ya ce yawwa, ai na faɗa, matattu ya ba ni. Don ya tabbatar da zarginsa ya bi saura yana kwancewa. Kafin wata ya cika, goma sha ɗaya sun bushe ƙayau kamar tsinken tsintsiya, ruɓa kuma ta bi jikin itatuwan har ƙasa.

Ya ɗauki adda zai sare su ya huta, yana shirya maganar da zai yaɓa wa maƙwabcin ranar Lahadi. Da ya gama da sha ɗaya sai ya tuna akwai guda a ƙarshen lambu, bayan suri. Tun ranar da aka ɗaure shi bai sake taka wurin ba, don daga can ba a hango lambun maƙwabci. Ya zagaya da adda a sama. Leda na nan yadda aka bar ta, ta yi taɓo, har gizo-gizo ya yi saƙa a jiki, a samanta kuma ga ganye huɗu sababbi, jajaye, suna sheƙi. Reshen itace ɗaya ne da na sauran, wuƙa ɗaya, hannu ɗaya. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi ya rasa. Adda ta suɓuce masa, ya zauna daɓas a ƙasa, kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga ido ya yi addu'a.

Ramuka sha ɗaya ya koma ya binne wa ƙwallo, ya fara ƙirga shekara uku daga farko. Kai ma, ɗan'uwa, aikin da Ubangiji ke yi a cikinka ƙarƙashin ɗauri yake, ba a ganinsa yana kamawa. Ka bar jikin shingen mutane, ka bar ledar yadda take. Shi dai manomin nan a jikinsa ya ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce sauri kan haifi nawa.