Tambayar Yarinyar Maikunkele

Ranar da yarinyar ta yi magana, malamar ba ta shirya ba. Ta sha yawo a Minna da digirin koyarwa tana neman aikin kula da damuwar yara, ana yi mata dariya, kafin wata makaranta a Maikunkele ta ɗauke ta. Nan aka kawo mata yarinyar da ba ta ce uffan ba tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu.

"Anti, kullum sai ki ce in gaya miki. Ke wa kike gaya wa?"

Malamar ta tuna ɗakinta na Ketaren Gwari, inda faranti ɗaya take wankewa.

"Babu kowa," ta ce.

Yarinyar ta matso da kujerarta. "To, ki fara."