Tambayar da Manaja Ya Amsa

Kumatun Ba-Gajiya ya kumbura suntum, amma hannunsa na kan sitiyari. Direban kamfani ne, kuma ba a banza abokan aiki suka laƙaba masa wannan suna ba. Abin da ba su sani ba shi ne hawan jini ya daɗe da kama shi, zuciyarsa ma bugunta ba daidai yake ba. Matarsa kaɗai ta sani. A kamfaninsu, ranar da aka ji direba na da ciwon zuciya, ranar yake ajiye makulli.

"Wannan nishi naka ya ishe ni," in ji manaja daga kujerar baya. "Karya kwana mu shiga wurin likitan haƙori a fizge shi. Tafiya ce a gabanmu."

Aka kwantar da shi a doguwar kujera, fitila ta haske masa baki. Manaja ya biyo su har ciki, ya tokare ƙofa, waya manne a kunne.

"Malam, kana da hawan jini?" likita ya tambaya yana sa safar hannu. "Ciwon zuciya fa? Akwai maganin da kake sha kullum?"

Ba-Gajiya ya saci kallon ƙofa. Ƙwayoyin maganin da yake sha kullum suna nan cikin aljihun wandonsa.

Manaja ya tuntsire da dariya. "Wannan? Ai ko raƙumi albarka! Zuba masa allura, likita, sauri muke."

Ba-Gajiya ya haɗiye maganarsa. Likita bai ce manaja ya fita ba, bai kuma auna jini ba. Ya ɗauki sirinji.

Allurar kashe zafi da ake yi a dasashi yawanci tana ɗauke da ɗan sinadarin adirenalin. Shi ke matse jijiyoyin jini don maganin ya daɗe a wurin, zubar jini kuma ta ragu. Ga mai lafiya, in ma ya ji wani abu, ɗan faɗuwar gaba ne da rawar hannu, su wuce. Ga mai zuciya irin ta Ba-Gajiya kuwa, bulala ce a bayan dokin da ya riga ya galabaita.

Haƙorin ya tara ruwa, zafinsa ya ƙi mutuwa. Likita ya ƙara allura. Ya sake ƙarawa.

Nan take ƙirjin Ba-Gajiya ya shiga dukan tara-tara. Gumi ya wanke shi sharkaf, kansa kamar zai tsage.

"Likita... ƙirjina..."

"Ƙato da kai, tsoron allura!" in ji manaja. "Daure mana."

Bai rufe baki ba hannun daman Ba-Gajiya ya zame ya faɗi, bakinsa ya karkace.

A babban asibiti aka shaida wa matarsa cewa jini ya hau ya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Likitan haƙorin na tsaye a gefe, yana murza hannu.

"Baiwar Allah, da na sani da na rage maganin, ko na yi marar sinadarin, ko ma na ɗaga aikin."

"Da-na-sani ƙeya ce!" ta daka masa tsawa. "Ka tambaye shi ciwonsa a gaban mai korarsa, ka ce ka yi tambaya? Kuma bakin wa ya amsa maka? Haƙorin wa ka zo cirewa?"

Sai ga manaja ya shigo. Ta gyara mayafi, a zatonta dubiya ya zo.

"Sannu, Allah ya sawwaƙe," ya ce daga nesa. "Af, makullin motar yana jikinsa?"

Ta zura hannu a aljihun wandon da ke rataye jikin gado. Makulli ya fito, fallen ƙwayoyi ya biyo shi ya faɗi ƙasa. Ta wurga wa manaja makullin a ƙirji.

"Ungo, yallaɓai. Don wannan ƙarfen mijina ya yi shiru."

Ta juyo kan mijinta. "Kai kuma, Baban yara, ka riƙe makulli ka saki jikinka. Yanzu wanne ya rage maka?"

Ya motsa leɓe zai amsa. Babu abin da ya fito sai yawu.

Jama'a, kafin allura ta taɓa dasashinku, ku gaya wa likitan haƙori duk ciwon da kuke da shi da duk maganin da kuke sha. Kada kowa ya amsa da bakin majinyaci, likita kuma ya yi tambayarsa a keɓe. Aiki in ya tafi ana samun wani, jiki kuwa ba shi da canji.