Ranar da Inna Ta Kama Sunan Ɗan Fari

Ku da kuke cewa kunyar ɗan fari sai kabari, ga misali. Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, aka aiko mata cewa ɗanta na fari, direban babbar mota, ya yi hatsari. Yana kwance a asibitin birni, ba ya magana, ba ya gane kowa, likitoci kuma na jiran wani nasa ya dangwala yatsa kafin a yi masa aiki. Ta karɓi takardar shaidar cewa ɗanta ne wurin mai unguwa, ta hau mota. To, a takardar an rubuta Ɗantala, sunan da duk gari ya san shi da shi. Lasisin da aka samu a aljihunsa kuwa sunan yanka ne a jiki, haɗe da sunan garin da ya yi firamare. Da ta isa, akawun bakin ɗakin majinyata ya sauke tabarau bisa karan hanci, ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ja murya ta hanci: "Baaba, mu nan takarda muke bi. Wannan mutum daban, wancan daban. In ke kika haife shi, faɗi sunansa." Kun ji fa. Matar da tun ranar suna ba ta taɓa kama sunan nan ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan", alhali yaron har ya fara furfura. Ta ce haihuwar Talata ne. Ta ce yana da tabon ƙuna a ƙafar hagu. Akawu ya ce fom ɗinsa ba shi da gurbin tabo, ya leƙa bayanta: "Na gaba."

Tsohuwa ba ta gusa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ba akawu baya, ta fuskanci ƙofar ɗakin. Sannan ta kira, ba da ƙarfi ba: "Zubairu." Can daga gadon ƙurya, mutumin da likitoci suka gaji da kira da sunan nan bai ko motsa ba, sai ga shi ya amsa a dishe: "Na'am, Inna." Shi ma a ranar ya fara jin yadda sunansa yake a bakin uwarsa. Akawu bai sake duban takarda ba. Ya turo mata tawada, ta dangwala, fuskarta har yanzu a rufe.

Da ma masu iya magana sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.