Tsutsa Mai Sunan Nevena

A ɗakin binciken halittun teku na jami'ar Split, Duje ya miƙa wa abokiyar karatunsa Nevena wata kwalba. Tsutsa ce a ciki, sai yauƙi.

"Babu wanda ya taɓa gano irinta," ya ce. "Sunanki zan raɗa mata. Za ki aure ni?"

"Wasu zobe ake ba su, ni tsutsa?"

"Zobe yakan ɓata, suna kuwa har abada."

Ta daɗe tana duba tsutsar. Gumi ya keto masa.

"Duje, wannan tana da suna tun zamanin kakanninmu. Tana cikin littafinmu na shekarar farko."

Ya sunkuyar da kai.

"Na yarda," ta ce. "Ai kana bukatar mai duba maka aiki."