Ranar da Baba Yake Sake wa Jirginsa Jiki

Shekarata tara lokacin, muna Withington. Wata Asabar da la'asar Baba yana gareji, ya cire gangar jikin ƙaramin jirgin ƙasan wasa da ke zagaya lambunmu, yana haɗa masa wata kamar akwati mai tagogi. Ko'ina warin gam.

"Riƙe min gefen nan, Hauwa, sai ya bushe."

Ina riƙe da shi Mama ta leƙo da jakunkuna. "Taksi ya iso. Birmingham za mu zauna yanzu, ni da ke."

Baba bai ɗago ba. "Saki," ya ce min, "ai ya kama."

Na saki, gefen ya faɗi. Na bi Mama, ban yi kuka ba. Har yau ina jiran kukan, bai zo ba.