Otal ɗin Bakin Tafki

Sai da matarsa ta makance sannan ya cika alkawarin kai ta otal ɗin bakin tafki, inda ya shekara talatin yana yi wa baƙi wanki da guga. Ya tarar an ɓalle ƙofofi, rufi ya rufta, awaki na kwance a ɗakin cin abinci. Amma ya ja hannunta.

"Ga fitilu nan reras," ya ce. "Ga wurin iyo, ruwa garau. Nan manyan baƙi ke zama."

Ta tsaya cak.

"Malam, makancewa na yi, hancina lafiya lau. Tun shigowarmu nake jin warin kashin jemagu. Mu koma gida. Kai nake tausayi, kai da kake gani."