Mesar da Ta Ƙi Cin Ɓera

Lawandi, tun ɗazu kake faɗa mini manoman ƙauyen da aka tura ka sun ƙi sabon irin da ka kai musu, kana cewa taurin kai ne. Sha ruwa tukuna, ɗana, in ba ka wani misali.

An yi wata mata mai sana'ar ƙanƙara. Shekararta ashirin tana ɗura ruwa a leda, ta daskarar, ta sayar wa masu zoɓo da kunun aya. A gidanta akwai wata 'yar haya, likitar dabbobi, wadda ke kiwon ƙaramar mesa cikin akwatin gilashi mai murfin raga. Abincin mesar ɓeraye ne matattu, waɗanda likitar ke daskararwa a wata 'yar firiza tata daban. Sai aka tura likitar aikin rigakafin shanu can cikin daji na wata biyu, inda waya ba ta shiga. Ranar tafiya, mota na jiranta a ƙofa, ta danƙa wa mai ƙanƙara makulli ta ce, "Inna, amana ce. Duk kwana goma ki ciro ɗaya, ya narke, ki ba ta." Matar nan tsoron maciji take yi kamar kowa, amma ta karɓa.

Kwana goma na cika ta ciro ɓera, ta bar shi a faranti har gashinsa ya yi laushi, ta ɗaga murfi ta jefa, ta ja da baya. Mesa ba ta ko motsa ba. Washegari ta tarar da ita naɗe, kanta a kan ɓeran kamar ta sami matashi. Karo na biyu ta ciro wani ta shanya shi a rana, ya yi wari, ƙudaje suka taru, dole ta binne shi. Karo na uku ma mesa ta ƙi. Wata guda ya wuce, fatar dabbar ta fara tattarewa, ƙashin bayanta ya fito. Maƙwabta suka ce ta kama ɓera mai rai ta sa mata, ko ta buɗe akwatin ta huta. Ta ƙi, don ba haka aka bar mata ba. Kuma abin ya daina ba ta tsoro, ya koma ɗaure mata kai: wace irin halitta ce yunwa ke ci, ga abinci a bakinta, ta kwanta a kai?

Sai ta riƙa jawo kujera bayan la'asar ta zauna tana kallonta. Ran nan ta shigo da kofin shayi, ta rasa wurin ajiyewa, ta ɗora a kan ragar murfin. Nan take mesar da ta yi kwanaki kamar igiya ta ɗago kai, tana zaro harshe, ta miƙe sak wajen kofin. Matar ta matsar da shi, kan ya bi. Ta ce to, ƙamshin shayi ne ko mene? Ta je ta ɗuro kwalabe biyu, ɗaya ruwan randa, ɗaya ruwan ɗumi, ta jera su a kan raga. Mesa ta bar ta randa ta nufi mai ɗumi. Ta sauya musu wuri, mesa ta sake bin mai ɗumi. Da matar ta duƙa ta duba da kyau, sai ta ga wasu 'yan ramuka jere a leɓen mesar na sama, ta ce a ranta ƙila da waɗannan take jin ɗumin abu. Ashe a wurinta abin da ba shi da ɗumi ba abinci ba ne.

A nan sana'arta ta yi mata rana. Ta fi kowa sanin ƙanƙara daga waje take narkewa, tsakiyar na nan da tauri. Ta ciro ɓera, ta ɗaure shi a leda, ta tsoma a ruwan sanyi, tana sauya ruwan tana latsa cikinsa da babban yatsa, har ta daina jin ɗan dutsen nan a tsaka. Sannan ta mayar da ledar cikin ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, ba tafasasshe ba. Da jikinsa ya yi kamar na mai rai, ta kama wutsiyar da awartaki, ta zura shi cikin akwatin, ta ɗan girgiza shi. Kafin ta ƙifta ido mesa ta cafke, ta naɗe shi tam, ta fara haɗiya ta wajen kai. Matar ta zame ta zauna a ƙasa, tana dariya ita kaɗai.

Da likita ta dawo ta ji yadda aka yi, ta riƙe baki ta ce, "Wayyo Inna, ki yafe ni, sauri ya sa na manta ban ce a ɗumama ba." Matar ta ce ba komai, ita abu ɗaya ne har yau ba ta warware ba: tsakaninta da mesar, wa ya fi wani zama a duhu? Ita mesa ta yi wata tana matashi da abincinta, ita kuma ta yi wata tana wuce butar ruwan ɗumi a murhunta.

To, Lawandi, irinka mai kyau ne, ban musa ba. Amma kafin ka kira mutanen nan masu taurin kai, jawo kujera ka zauna a gonarsu, ka ga abin da suke ɗago kai dominsa. Hausawa sun gama magana da suka ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.